Ƙafa da Hula: Masu Tsare Ajiya Daga Damina a Ƙasar Gaya

Hadarin ƙasar Gaya daga gabas yake tasowa. Wanda ya taɓa yin damina ko da guda ɗaya a Kademi ko Toranke ya san yadda abin yake: da la'asar sakaliya gari ya yi tsit, ganye ba ya motsi, gumi ya jiƙe kowa, can ta wajen Dutse kuma sama ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka iska ce ke fara sallama, ja wur da ƙura, tana kwasar duk abin da ba a ɗaure ba. Mata na rige-rigen kwashe shanya, yara na kora awaki, wani magidanci yana can saman ɗaki yana jan bulo zai danne kwano. A irin wannan sa'a akwai mutumin da nake son kallo, wato mai rumbun da ya gama aikinsa tun watan jiya. Shi ba ya gudu. Zai tashi daga kan buzunsa, ya zaga rumbun sau ɗaya, ya ja wata igiya ya ji ƙarfinta, ya koma zaure ya zauna yana jan carbi.

Wannan zaman nasa sana'a ce, ko da yake ba ta da kasuwa kuma ba ta da sarki irin na maƙera ko na magina. Ba a kuma cika yabonta ba, don in an yi ta daidai babu abin da ke faruwa. Wanda iska ta yaye wa rufi shi ake zuwa yi wa jaje, shi ake ambata a rediyo. Wanda hatsinsa ya fito daga damina a bushe kamar ranar da aka zuba shi, ba wanda ya san ya yi wani abu.

Na taso ina ganin wani kawuna, wan mahaifiyata, yana wannan aiki a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Rumbunansa uku ne a bayan gida: biyu na zana da ake jera dammunan gero da dawa, ɗaya kuma rufewa ce ta ƙasa mai siffar tulu, wadda ba a buɗe ta sai abinci ya yi wuya. Ita ce rumbun tsimi. Wata rana ina yaro na tambaye shi me ya sa ba a gina rumbu a ƙasa kamar ɗaki. Ya dube ni ya ce, «Kai ɗan nan, rumbu ai mutum ne. In ba ƙafa ba hula, damina ɗaya ta ishe shi.» A lokacin dariya na yi. Sai da na girma na ga buhunan mutane sun ruɓe a ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe sannan na gane abin da yake nufi.

A fara da ƙafar. Kafin a aza komai, wuri ake dubawa, kuma ba a duba shi da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau. Mai hankali tun daminar bara ya lura da inda ruwa ke kwanciya a gidansa da inda yake bi ya fita, ya riƙe a ransa. Tudu ake nema, ko da tudun bai fi tsawon tafin hannu ba. Sannan a kawo duwatsu manya a girke su, a ɗora itace a kai a gicciye, a shimfiɗa wasu ƙanana, sannan a yi gindin rumbun a sama. A inda dutse ke wuya, kuma ƙasar jigawa ba ta cika arzikin dutse ba, sai a kafa gwafanni na itace mai taurin kai irin ƙirya, wadda gara ba ta cika sha'awa ba. Abin da ake so shi ne a bar fili tsakanin ƙasa da gindin rumbu, wanda iska za ta riƙa ratsawa. Wannan filin yana aiki fiye da yadda ido ke gani. Rima ba ta samun hanyar hawa. Ruwan da ya malalo tsakar gida yana wucewa ta ƙarƙashi ya tafi abinsa. Gara in ta ɗauko gininta za ta hau dutse, a fili take, mai gida zai gani ya kankare. Kaji kuma can suke wuni, suna tsince ƙwaro da garar da ta yi gangancin fitowa, ba tare da an biya su ko sisi ba.

Ginin rufewa kuwa ya fi kama da aikin mai ginin tukunya a kan na mai ginin ɗaki. Ba tubali a ciki. Ƙasa mai danƙo ake samowa, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba ramno a sake cuɗawa, a bar ta kwana da kwanaki ta tsumu har ta fara wari. Magini yana murza ta da hannu yana ɗorawa zagaye-zagaye, ya yi kaɗan ya bari ta sha iska, gobe ya dawo ya ɗora. In ya yi gaggawa ya ɗora ɗanye a kan ɗanye, cikin zai zauna ya baje. Bangon bai fi kaurin 'yan yatsu ba, amma yana ɗaukar hatsin da zai ciyar da gida wata da watanni, saboda siffarsa ce ke riƙe shi: ya buɗe a ciki, ya tsuke a wuya, nauyin ya rarrabu ko'ina daidai. Shi ya sa ake wannan gini bayan kaka, lokacin da hunturu ke busar da komai. Wanda ya zo neman magini a watan Mayu, ya zo fafe gora ranar tafiya.

Hular ita ce jinka, kuma a nan ne gwanintar take taruwa. Ana haɗa tsaikonta a ƙasa, a zagaye shi da tanka a ɗaure tam, sannan a kawo shuci da aka yanta a fara baibaya daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙasansa, yadda ɗigon da ya faɗo a ƙololuwa zai yi ta gangarowa daga ciyawa zuwa ciyawa bai sami ƙofar shiga ba. Idan an gama sai a tara maza a ɗaga ta gaba ɗaya a kifa wa rumbu. Abu biyu ake duba wa jinka. Na ɗaya tsayuwarta: in ta kwanta da yawa, ruwa zai yi jinkiri a kanta, ciyawar ta sha ta ruɓe. Na biyu bakinta: dole ya zarce jikin rumbun sosai, yadda ruwan zai zuba nesa da bango. Kawuna yakan tsaya bayan ruwan farko ya duba layin da ɗigon jinka ya tona a ƙasa. In layin ya matso kusa da duwatsun, ya san hular ta yi wa rumbun kaɗan, kuma fantsalin ruwa zai riƙa cin gindin bango a hankali har ya rarake shi.

Amma ruwan nan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Iskar da ta rako shi tana kwantar da shi, ya riƙa dukan bango a gicciye, kuma kusan kullum ɓangare ɗaya yake duka. Ka zaga duk wani tsohon gari a ƙasar Kano ka dubi katangun ƙasa, za ka ga fuskar gabas ce ta fi zaizayewa, ta yamma kuwa tana nan da yaɓenta. Magina sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa ake ƙara wa gabas kaurin yaɓe, ake jingina mata zana ta zama garkuwa, kuma mai lura ba ya juya bakin ma'ajiyarsa ya kalli gabas in yana da zaɓi. Yaɓen ma ba na ƙasa zalla ba ne. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, ruwa mai duhu da ake kwaɓa ƙasa da shi ko a shafe bango, ya sa ruwa ya riƙa zamewa maimakon ya shige. Masu hali a da har laso suke yi, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Yanzu marina ta ja baya, katsi ya yi wuya, ɗorawar ma gatari ya rage ta. Abin da ya maye gurbinsu shi ne a yaɓe bangon ƙasa da siminti, kuma ni dai ban taɓa ganin wannan auren ya yi ƙarko ba. Siminti ba ya kama ƙasa da gaske. Ya tsage kaɗan, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bangon ya yi ta jiƙa a ɓoye, waje kuwa sumul. Ranar da zai ɓamɓaro, da rabin bangon yake tahowa.

Sai maganar iska, wadda a ganina ita ce ta fi raba gwani da ɗan koyo. Iskar farkon damina, ta watan Mayu da Yuni, ta fi ta tsakiyar damina mugunta. Jinka mai tsini ba ta ba ta wurin kamawa, duk ta inda ta zo zamewa take yi ta wuce, muddin an ɗaure jinkar da igiyar kaba ko ta rama an ɗaure a gindi. Rufin kwano kuwa wani labari ne. Mutane da yawa suna zaton iska tura rufi take yi. Ɗaga shi take yi. Tana wucewa ta samansa da gudu tana tsotsarsa, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗakin, sai ta tokare shi ta ciki, ya tashi gaba ɗaya da katakonsa kamar an buɗe murfin kwalla. Kafintan da ya san aikinsa ba a kan kwanon yake ɓata lokaci ba, a kan abin da ya riƙe katakon yake. Zai sa a bar rodi ko langa-langa a cikin ginin tun ana zuba linta, ya naɗe katakon da shi, yadda in iska za ta ɗauki rufin sai dai ta ɗauki ɗakin duka. Zai ƙara yawan ƙusa a gefe-gefe da kusurwa, don nan take fara ɓantara. Zai buga ƙusar a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. In mai ginin ya yarda, a ɗaga rawani a zagaye rufin a ɓoye bakin kwanon, kamar yadda ake yi wa soro tun kaka da kakanni. Jera bulo da tsofaffin tayoyi a kan rufi, wanda ya zama ruwan dare a garuruwanmu, shaida ce cewa an tsallake wancan aikin. Kwanon da ƙusarsa ta saki tun bara, iska ta iske kaba na rawa ne kawai, bulon kuma in ya taso ba ya tambayar kan wa zai sauka.

Na daɗe a kan rumbu, amma yawancin hatsin da ke kwana a Gaya yau ba a rumbu yake ba, a sito yake. Da kaka 'yan kasuwa da ma'aikata da duk mai ɗan rarar kuɗi suna sayen gero da dawa da wake da riɗi, su kai wa mai sito ya ajiye musu, ana biyansa a kan kowane buhu, sai bazara ko tsakiyar damina a fitar, wani a sayar nan, wani a loda a mota zuwa Wudil ko Dawanau. A Amurka ma akwai sana'a sukutum ta gina ɗakuna jere ana ba mutane haya su zuba kayan da gida ya kasa ɗauka, su ma kuma guguwa da ambaliya ne ke hana su barci. Bambancin shi ne abin da ke cikin sitonmu ba tsofaffin kujeru ba ne. Jarin mutum ne gaba ɗaya, ko kuɗin auren 'yarsa, ko guzurin Makka da yake tarawa buhu-buhu.

Mai siton kirki, in ka lura da shi, rumbu yake ginawa a cikin ɗaki. Ba ya yarda buhu ya taɓa daɓe, ko da daɓen siminti ne mai sheƙi, don siminti yana jawo rima daga ƙasa ya miƙa wa duk abin da ya kwanta a kansa. Sai ya jera katako ko sanduna a kan bulo, ya yi wa kayan ƙafa. Ba ya jingina buhu da bango. Yana barin rata yadda mutum zai iya zagaye tarin da tocila, ya ga inda ɓera ya yi ɓarna, ya shafa bango ya ji ko ya yi sanyi. Ba ya cika ɗaki har rufi, domin kwano yana gumi: da rana ya yi zafi, da asuba ya huce, laimar da ke cikin ɗakin ta taru a cikinsa ta riƙa ɗiga, mai kaya ya yi ta neman hujin da babu shi. Yana jera buhunan a sarƙe, wannan layi a miƙe wancan a gicciye, kada tarin ya zame. Taki ba ya kwana ɗaki ɗaya da abinci. Sabon hatsi ba ya hawa kan tsoho. Dokin ƙofarsa kuma a ɗage yake, sai ka ɗaga ƙafa za ka shiga, kuma wannan 'yar tsallakawar ita ce ke tsayar da ruwan da ya cika layi cikin dare.

Akwai lissafin da nake so duk mai sito ya yi sau ɗaya a rayuwarsa. Ruwan sama milimita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, lita ɗaya ne. Ɗaki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, rufinsa zai zubar da lita 2,500, wato sama da durom 12. Ƙasar Kano kuwa tana samun wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, kusan duka cikin wata huɗu, mafi yawa a Agusta. Duk wannan ruwan sai ya sauka a wani wuri. In indararo gajere ne, a gindin bango yake sauka. In kwata ta toshe da leda, cikin ɗaki yake komowa. Shi ya sa gwanin sito za ka gan shi a watan Afrilu, rana na dukan ƙeya, yana yashe kwatar da babu ko ɗigon ruwa a cikinta, mutane na wucewa suna yi masa kallon marar aikin yi. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari a birnin Kano ya jiƙa atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, kuma abin da aka fi nuna wa yatsa shi ne gine-ginen da suka toshe hanyoyin ruwa. Kasuwar da ta fi kowace girma a harkar tufafi a Arewa, abin da ya ci ta shi ne abin da ke cin ɗan sito a ƙauye.

Kanawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Dalar gyaɗa da ake ta buga hotonta, wadda aka san Alhassan Ɗantata da ita, ba don ado aka yi ta ba. Gyaɗa ce ta fi ƙarfin jirgin ƙasan da ke kwasarta zuwa Ikko, dole ta jira a fili, wani lokaci har damina ta riske ta. Sai aka jera buhu wajen 15,000 a tari ɗaya, a kan dandamali, aka tsuke shi zuwa sama, aka lulluɓe da tamfol. Ƙafa da hula ke nan, an dai ƙara girma. Haka ma manyan rumbunan ƙarfe na gwamnatin tarayya da ke nan Gaya, waɗanda aka gina don ɗaukar tan 25,000: gindi a ɗage, jiki a zagaye, kai mai tsini. Injiniyoyi sun zo da ƙarfe da fanka da ma'aunin zafi, amma siffar da suka ƙare a kanta ita ce ta bayan gidan kawuna.

Akwai kuma ruwan da ba hula ba ƙafa da ke tare shi, domin tare da hatsin ake shigar da shi. Gero yana nuna tun damina ba ta ɗauke ba, a watan Satumba, kuma manomin da ya matsu yakan ɗaure shi da sauran laima. Wake da gyaɗa da masara haka. In aka rufe hatsi bai bushe ba, numfashi yake yi a cikin buhu, ya yi zafi, ya yi gumi, fumfuna ta kama shi daga tsakiya, ƙwari su samu gidan haya. Masana suna cewa kada laimar hatsi ta wuce kashi 13 cikin 100 in ana so ya daɗe. Tsofaffinmu ba su da na'ura, haƙori suke sawa. Ƙwayar da ta bushe ƙas take fashewa, wadda ba ta bushe ba lotsawa take yi. Gyaɗa girgiza ta ake yi a kunne, in ta yi kacau-kacau a cikin ɓawonta ta yi. Akwai kuma dabarar kwalba: a zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalbar da ba ta da laima, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya. Mai siton da ya san ciwon kansa yana zura hannu har gwiwar hannu a cikin buhu kafin ya karɓa, kuma yana iya ce wa babban mutum, «Alhaji, a yi haƙuri, wannan sai ya ƙara shan rana.» Ba rashin kunya ba ne. Buhu ɗaya mai laima yana iya lalata na maƙwabtansa goma.

Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, ya taimaki masu wake ƙwarai. Leda biyu ne a cikin buhu ɗaya, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Yana kuma hana laimar damina shiga. Amma yadda yake hana ta shiga haka yake hana ta fita, don haka wanda ya zuba ɗanyen wake a ciki ya dafa wa kansa aika-aika.

Ambaliya kuwa ba a yi mata dabara a tsaye. Ruwan Kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka datse a Tiga da Challawa, suna haɗuwa su ratsa Wudil su nufi Ringim da Haɗeja, kuma garuruwan da ke kusa da wannan hanya sun sha ganin abin da kogi ke yi in ya cika ya batse, kamar a 2001 da 2022. A Ajingi ma daminar 2022 ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ginin ƙasa, komai gwanintar magininsa, in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu narkewa yake yi kamar gishiri. Duwatsun rumbu suna saya wa mutum 'yan sa'o'i ne kawai. Mutanen fadama sun san haka, shi ya sa gwanintarsu ta kauce wa ruwan ce. Suna riƙe da alamar inda ruwan wata shekara ya tsaya a jikin tsamiya ko katangar masallaci, ba sa ajiye abin da suke ji da shi ƙasa da wannan layin. Suna raba hatsinsu, wani a gida wani a wurin ɗan'uwa a kan tudu. Iri na shekara mai zuwa a rataye yake a sama, ko a tulu a rufe da yaɓe. Takardun gona da na makaranta a naɗe a leda a cikin adaka, adakar kuma a kan wani abu. Suna sauraron hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo, suna kuma kallon kogin da idonsu, in ya fara kawo kumfa da karmami da sassafe, amalanke ake nema tun hanya ba ta yanke ba.

Malamanmu na fiƙihu suna cewa wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ta halaka ba a ɗora masa ramuwa sai in ya yi sakaci. Hukunci ne mai adalci, amma ya bar tambaya a buɗe, kuma a kanta ake yawan jayayya a zauren mai unguwa bayan kowace damina. Mai sito ya ce ruwa daga Allah ne. Mai kaya ya ce haka ne, amma kwatar da ba a yashe ba fa? Ni ina ganin duk sana'ar nan a tsakanin waɗannan maganganu biyu take zaune. Ƙanƙarar da ta huda kwano ƙaddara ce. Kogin da ya haura inda bai taɓa haurawa ba ƙaddara ne. Buhun da aka kwantar a kan siminti aka jingina da bangon gabas kuwa, a bar ɗora wa damina laifinsa. Na taɓa yin asarar buhu huɗu na wake a wani sito, kuma da na je mai wurin ya tarbe ni da wa'azin haƙuri mai daɗin ji. Ina sauraronsa ina kallon hasken rana yana shigowa ta hujin kwano, daidai kan inda kayana suke.

Bayan ruwa ya wuce ma aiki bai ƙare ba. Gwani yana buɗe ma'ajiya da safe, ya shinshina kafin ya duba, don warin laima yana riga ido. Abin da ya jiƙe a fitar da shi nan take a baza, kada a bar shi cikin 'yan'uwansa. Abin da ya riga ya yi fumfuna kuwa, musamman masara da gyaɗa, nan ne ake bukatar ƙarfin zuciya, domin fumfunar tana haifar da guba mai lalata hanta wadda wanki ba ya fitarwa, dafuwa ba ta kashewa. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta yi irin wannan lalacewa. Mu kuwa sai a wanke, a shanya, a kai inji, ko a karya farashi a tura wa wanda bai sani ba.

Wata shekara ina yaro, a cikin marka ne, ranar da aka kwana uku rana ba ta fito ba, kawuna ya ce a buɗe rumbun tsimi. Maza biyu suka sa gwafa suka ɗaga jinkar gefe ɗaya, ya fasa yaɓen murfin, ya ce, «Zo nan, ɗan ƙanwata, kai ne marar nauyi.» Aka ɗaga ni aka zura ta wuyan rufewar, da ƙwarya a hannuna. Waje ko'ina caɓi ne, rigata a jiƙe, amma ƙafata ta nutse cikin gero mai ɗumi, busasshe, yana zuba tsakanin yatsuna, ƙurarsa ta sa ni atishawa. Ina cika ƙwarya ina miƙawa sama, shi kuma yana karɓa, sai na ji ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ta ce ƙas. Ya ce a mayar da hular maza, hadari na sake haɗowa.